Zan kai iyali kwarin Lauterbrunnen tare da karen maƙwabciya: wace hanya za mu bi?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, kuma na san wasu za su yi dariya. Mun kama masauki na kwana huɗu a Lauterbrunnen da ke Suwizalan, cikin watan Agusta, ni da maiɗakina da yara biyu, mai shekara 11 da mai shekara 6. Kwatsam sai aka sa wa maƙwabciyarmu a nan Freiburg ta Jamus ranar aikin ƙugu, za ta yi mako uku tsakanin asibiti da gidan jinya. Tsohuwa ce, ba ta da kowa a kusa, kuma ita ta riƙa ɗauko mana yara daga makaranta lokacin da mu duka biyun muke aikin yamma. Ta roƙe ni in riƙe mata karenta, ni kuwa kunya ba ta bar ni na ce a'a ba. Karen ba babba ba ne, kilo 18, shekararsa 9, ba ya haushi sosai. Masu masaukin sun yarda da kare in an ƙara kuɗi. Tambayata: waɗanne hanyoyin yawon ƙafa ne a kwarin nan za a iya bi da kare da ƙananan yara? Ni ban taɓa riƙe igiyar kare ba sai makon jiya.

Zangon_Kumasi:
Wa alaikumus salam. Bahaushe da kare a kan dutsen Turawa! Wallahi duniya ta zo da sabon salo. Ka ɗauko mana hoto don Allah, zan aika wa tsohuwata ta gani.

Maman_Sadik_Bern:
Amin wa alaikumus salam Baban Ilham. Allah Ya ba maƙwabciyarku lafiya, kai kuma Ya saka maka. Ni a Bern nake, mun je kwarin nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ranar farko ku bi ƙasan kwari kawai, daga garin Lauterbrunnen zuwa Stechelberg. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya, bai fi kilomita bakwai ba, ko keken jariri ana turawa. Za ku wuce ta gaban Staubbach, ruwan da ke faɗowa daga tsayin kusan mita 300, daga nan sai ku bi gefen kogi, duwatsu sun tsaya dama da hagu kamar katangu. An ce mafaɗar ruwa 72 ce a kwarin, ni dai ban ƙirga ba. In yara sun gaji akwai motar bas mai ruwan ɗorawa da ke zirga-zirga tsakanin garuruwan biyu, sai ku hau ku dawo.

Abu ɗaya: Trümmelbach, inda ruwa ke gudu a cikin cikin dutse ana hawa da lif, ba a shiga da kare. A tsakiyar hanyar nan yake, don haka sai ku raba, ɗaya ya shiga da yara ɗaya ya zauna waje da karen. Kuma ko da an yarda ma ba zan ba da shawara ba, ƙarar ruwan kaɗai ta isa ta haukata dabba.

Dan_Damagaram:
Hajiya ta faɗi gaskiya. In ƙara da cewa ka koyi launin alluna tun kafin ka tafi. Allo mai ruwan ɗorawa zalla, hanya ce ta kowa da kowa. In ka ga bakin allon da fari-ja-fari, ko an shafa wannan fentin a jikin dutse, to hanyar tsauni ce, tana son takalmi mai kyau da ƙafa mai ƙwari. Fari-shuɗi-fari kuwa ba taka ba ce, ba ta karen ba ce, ta masu igiya da hular kwano ce. Sannan ba kilomita suke rubutawa a allon ba, lokaci suke rubutawa. In sun ce awa ɗaya da rabi, da yarinya mai shekara 6 da tsohon kare ka lissafa awa biyu da rabi.

Malam_Na_Hamburg:
Ɗan'uwa, kafin a kai ga hanya, ni batun karen ne ya tsaya mini. Ka san hadisin da ya zo cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, ana rage masa lada kullum. Ga batun mala'iku da shiga gida. Da ka nemo mata gidan ajiye karnuka ka biya mata kuɗin, ka taimaka ke nan ba tare da ka jawo wa kanka ba. Nasiha ce, ba faɗa ba.

Baban_Ilham:
Na gode Malam, Allah Ya saka. Na bincika gidajen ajiyar, duk na kusa sun cika saboda lokacin hutu ne. A gida dai a baranda yake kwana, ba ya shiga ɗakin da muke salla. Mako uku ne, amana ce, in ta dawo zan miƙa mata abinta.

Almajirin_Zawiya:
@Malam_Na_Hamburg, ajiyewa daban, riƙon amana na 'yan kwanaki daban. Kuma kada mu manta mu 'yan mazhabar Malikiyya ne tun kaka da kakanni, a wurinmu jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai bin umarni ne. Shafi'awa ne suka tsananta. Sannan wanda ya shayar da kare mai ƙishirwa ai mun san abin da aka ce ya samu. Haƙƙin maƙwabci fa?

Malam_Na_Hamburg:
Ban ce najasa ba, na ce ajiyewa. Ka sake karantawa.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Malamai, a gafarce ni. Wannan muhawarar mun yi ta bara har sai da mutum biyu suka fita daga zaure. Ya tambayi malaminsa. Mu koma kan hanya.

Bafulatanin_Tirol:
To ni bari in faɗi abin da ba wanda ya faɗa tukuna, kuma shi ne babba. Matsalarka a can ba tsayin dutse ba ce, ba gajiyar kare ba ce. Shanu ne.

Na tashi a bayan shanu a Adamawa, yanzu shekara takwas ina aiki a wata gonar madara kusa da Innsbruck a Ostiriya, don haka na ga ɓangare biyun. Shanunmu na gida kullum suna tare da mutum, da safe a tatsa, da rana yaro yana biye da sanda, sun san murya. A nan da bazara ake kora su sama kan tsauni, a bar su cikin shinge watanni. Na tatsa ba su da matsala sosai, don ana taɓa su safe da yamma. Masu haɗarin su ne waɗanda aka bar su da maruƙansu suna tsotso, ba a tatsar su. Saniya mai ɗan maraƙi in ta ga kare, ba kare take gani ba, kyarkeci take gani. Kai ba ruwanta da kai, amma igiyar tana hannunka, karen kuma in ya tsorata bayan ƙafarka zai ɓuya. Ka ga ta inda abin yake zuwa.

A nan Tirol, a kwarin Pinnis, cikin 2014 shanu suka tattake wata Bajamushiya mai shekara 45 har lahira. Ta ɗaure igiyar karenta a ƙugu, ba ta iya kwancewa ba. Shari'ar ta girgiza ƙasar nan: a 2019 kotun farko ta ɗora wa manomin laifin duka, da aka ɗaukaka ƙara aka raba laifin biyu, rabi nasa don bai yi shinge ba a wurin da mutane ke yawan wucewa, rabi nata don ta matsa kusa da garke da kare ɗaure a jikinta. Bayan hukuncin farko ne gwamnatin Ostiriya ta fito da ƙa'idoji goma na masu yawo a makiyaya. Manoma da yawa a lokacin sun yi barazanar rufe hanyoyin da suka ratsa filayensu.

Don haka: igiya a hannu, kada ka naɗe ta a wuyan hannu, kada ka ɗaura a ƙugu ko a jaka. In ka hango garke, duba ko akwai maruƙa. In akwai, yi zagaye mai nisa, ko ka juya. Kada ka shiga tsakanin uwa da ɗa. Kada yara su je shafa maraƙi, komai kyansa. In saniya ta sunkuyar da kai, tana huci, tana tonon ƙasa da ƙafa, ta fara nufo ku, saki karen nan take. Ya fi ta gudu, zai tsira, ita kuma za ta bi shi ta bar ku. Kai kuma ja da baya a hankali, kada ka ba ta baya, kada ka ruga.

Yar_Jos_Basel:
Yaya Bafulatani, na gode da wannan bayani, amma akwai inda na rikice. A jihar Bern doka ce a riƙe kare da igiya in an shiga makiyayar da ke da dabbobi, haka a tasha da cikin jirgi da filin wasan yara. Yanzu kai kuma ka ce a saki. In ya kori saniya ta faɗa rami wa zai biya?

Bafulatanin_Tirol:
Ƙanwata, ba su ci karo ba. Riƙewa shi ne ƙa'ida, daga ƙofar shinge har ka fita ta ɗaya ƙofar. Saki kuwa sai in ta riga ta taso. Su kansu allunan da manoma ke kafawa haka suke cewa. A lokacin nan ba maganar wa zai biya ake ba.

Zangon_Kumasi:
Wato Bafulatani ya tsallaka teku ya je Turai, can ma shanu ya samu. Allah Ya bar zumunci!

Bafulatanin_Tirol:
Kai kuma ka je Turai, can ma surutu ka samu.

Baban_Ilham:
Gaskiya jikina ya yi sanyi. Ni duk tunanina ko karen zai iya tafiyar, ban kawo shanu a rai ba sam. @Maman_Sadik_Bern, hanyar ƙasan kwarin da kika ce, akwai shanu a kanta?

Maman_Sadik_Bern:
Akwai gonaki, amma yawanci dabbobin suna bayan shingen waya, kai kana kan titi. Kuma a Agusta akasarinsu suna can sama, sai wajen Satumba ake sauko da su da furanni a ka da manyan ƙararrawa. Sai dai ka kula da wayar, da lantarki a jikinta. Sadik ɗina ya taɓa kamawa, bai ji ciwo ba, amma ihun da ya yi har yau ana tsokanarsa. Kare in ya sa hanci ya ji, zai iya fizge igiya ya ɓace maka.

Hanyar da za ka haɗu da shanu ido da ido ita ce ta sama, Grütschalp zuwa Mürren. Amma ina son ta ƙwarai, kada tsoro ya hana ku. Daga gaban tashar Lauterbrunnen za ku shiga motar igiya, wadda ke rataye a jikin waya tana hawa dutse, minti huɗu kun hau Grütschalp. Daga nan tafiyar kamar kilomita huɗu da ɗoriya, ba hawa mai wahala, manyan duwatsun Eiger da Mönch da Jungfrau suna gabanku a tsallaken kwari. Daɗinta shi ne ƙaramin jirgin ƙasa yana bin gefen hanyar, kuma akwai tasha a tsakiya, Winteregg. In kun ga garken da bai kwanta muku ba, ko karen ya fara ɗingishi, ku koma tasha ku hau jirgi. Mürren kuma ba a shiga da mota, sai 'yan ƙananan motocin aiki, hankalinka kwance da yara.

Dan_Damagaram:
Ni kuwa na fi son ta ɗaya gefen. Jirgi zuwa Wengen, motar igiya zuwa Männlichen, sama da mita 2,200, sai ka gangara a hankali zuwa Kleine Scheidegg. Awa ɗaya da rabi, hanya mai faɗi, fuskar arewa ta Eiger tana ƙara girma a gabanka kamar za ta faɗo maka. Na ga karnuka da yawa a kai.

Maman_Sadik_Bern:
Kyau kam ba a magana, Malam, amma babu inuwa ko ta sisin kwabo, kuma babu wurin tsayawa ka hau jirgi a tsakiya. Ga cunkoso, kamar kasuwar Kwari ranar jajibirin salla. Tsohon kare da baƙon mai riƙo, ni dai ba zan fara da ita ba. Kuɗinta ma ya fi.

Dan_Damagaram:
In ka hau motar farko da safe ba kowa. Matsalarmu ita ce sai ƙarfe goma sha ɗaya muke gama shiri.

Likitar_Dabbobi_Lyon:
Salam. Na jima ina karantawa, bari in sa baki ta ɓangaren aikina. Baban Ilham, kafin tsohuwar ta shiga asibiti ka karɓi abu uku. Na ɗaya, fasfon karen, ɗan littafi ne shuɗi na Tarayyar Turai. Na biyu, ka buɗe shi ka duba ranar allurar ciwon haukan kare. In ta ƙare aka sake yi daga farko, sai an jira kwana 21 kafin a tsallaka iyaka da shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Lambar 'yar na'urar da ke ƙarƙashin fatarsa tana cikin littafin. Na uku, tunda ba kai ne mai shi ba, ta rubuta maka takarda da sa hannunta cewa ta ba ka izini, ka kuma nuna wa likitan karen ya tabbatar komai ya yi daidai. Suwizalan tana cikin Schengen, ƙasashen da suka buɗe wa juna iyaka, amma ba ta cikin Tarayyar Turai, jami'an kwastan suna nan a Basel kuma suna tsayar da mota in sun ga dama. Ka tambaye ta ko tana da inshorar ɓarnar da kare zai iya yi, da ko ta shafi wanda aka ba riƙo.

Game da lafiyarsa: kare ba ya zufa kamar mu, da haki yake fitar da zafi. Shekara 9 a kare mai wannan girman dattijo ne. Ku fita da sassafe, ku ɗauki ruwansa da 'yar tasa. In harshe ya zazzago sosai, yana neman inuwa yana kwanciya, ku tsaya. Kullum da yamma ka duba tsakanin yatsunsa ko tsakuwa ta yanke shi, ka laluba kunnuwa da wuya da hammata saboda kaska. Kaskar nan ba ta kare kaɗai ba ce, tana sa wa mutane cuta iri biyu, ɗaya tana taɓa ƙwaƙwalwa, don haka a duba yaran su ma. Kada ka bar shi ya shiga kogin Lütschine, ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne, ga sanyi ga ƙarfi. Abincin da ya saba kawai, kada yara su ba shi cakulan ko inabi, guba ne gare shi.

Zangon_Kumasi:
Kare da fasfo da inshora. Ni da na yi shekara uku ina jiran takarda.

Kawu_Mafarauci:
Ni abin nan dariya yake ba ni. Mahaifina mafarauci ne, da rani su fita daji da karnuka goma sha, su yi kwana da kwanaki, ƙaya ko'ina, rana kamar wuta, ba tasa ba takalmi. Dusa da ƙanzo suke ci. Ban taɓa ganin an laluba hammatar kare ba. Ku sake shi kawai ya yi gudunsa, dabba ta san kanta.

Likitar_Dabbobi_Lyon:
Kawu, karen mahaifinku a daji aka haife shi, tafin ƙafarsa kamar ƙirgi. Wannan a kan kafet ya tsufa. Kuma nawa ne daga cikin karnukan farautar suka kai shekara 9?

Yar_Jos_Basel:
Kawu, batun saki ya yi gudunsa ma akwai tara a kai. Can ƙarshen kwarin, bayan Stechelberg, wurin da aka keɓe ne don kare namun daji da tsirrai, da igiya ake shiga. Akwai awakin dutse, akwai wata dabba mai kama da ƙatuwar gafiya da ke fito in ta ga mutum, kare in ya ji wannan fiton ba ya jin kira. A gandun dajin ƙasa da ke Engadin kuwa, wanda aka kafa tun 1914, ko da igiya ba a shiga da kare sam. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, ka san sauran.

Sannan wani abu da ba a ambata ba, kuma na san shi zai fi yi wa Baban Ilham wuya: kashi. Sai ka kwashe. Akwai korayen akwatuna a bakin hanya, Robidog suke ce musu, da leda kyauta a jiki. Ka sa hannu cikin leda ka ɗauka, ka ƙulle, ka riƙe har akwati na gaba. Kada ka ajiye ledar a gindin bishiya ka ce za ka ɗauka a dawowa.

Baban_Ilham:
Anti, wannan darasin na riga na fara shi a nan Freiburg. Ranar farko na tsaya na waiga hagu da dama ko akwai wanda ya san ni. Ilham ce ta ce, Baba, ba ni ledar.

Bafulatanin_Tirol:
Kuma ba tsabtar ido kaɗai ba ce. Ciyawar nan da kuke gani kamar an share, abincin shanu ce, yanka ta ake a busar a ajiye don hunturu. Akwai ƙwayar cuta da kare ke iya ɗauka a kashinsa, in saniya ta ci sai ta yi ɓari. Mai gidana in ya ga kare a cikin ciyawarsa jijiyar wuyansa har tashi take. Haka komin ruwan shanu: ka ɗebo da tasa ka ba shi, kada ka bar shi ya faɗa ciki ya yi wanka. Mu da muka san abin da ake yi a gida in dabbar wani ta shiga gonar wani, bai kamata a koya mana wannan ba.

Dan_Damagaram:
Tunda an zo maganar kyarkeci ɗazu, akwai kuma karnukan tsaron tumaki. Kyarkeci ya dawo Suwizalan daga Italiya wajen 1995, garkensu na farko ya bayyana a 2012, shi ya sa masu tumaki suke ajiye manyan fararen karnuka a cikin garke, ba makiyayi a kusa. Waɗannan ba sa wasa da baƙon kare ko kaɗan, hukuma ma cewa take kada a je wurinsu da kare. Akwai taswirar gwamnati a intanet, da manhajar SchweizMobil, suna nuna makiyayun da suke. Duba ta daren da za ku fita. Na taɓa cin karo da guda biyu a Valais, ni kaɗai ba kare, na yi minti ashirin a tsaye ina karanta duk abin da na haddace.

Hajiya_Milano:
Ni ban gane dalilin da kowa ke rububin Lauterbrunnen ba. Mutane sun yi yawa, kowa da waya a sama, masu tsalle daga kan dutse da lema suna sauka a kanka, jirage masu saukar ungulu suna ta ƙara. Ku je kwarin Lötschental, shiru, ba kowa. Mun kwana a Blatten shekarun baya, ban taɓa ganin wuri mai natsuwa haka ba.

Maman_Sadik_Bern:
Hajiya, ashe ba ki ji ba. Blatten babu ita. A ƙarshen watan Mayun 2025 dutse da ƙanƙara suka zaftaro suka binne kusan duk ƙauyen. Allah Ya sa an kwashe mutanen kwanaki kafin nan.

Hajiya_Milano:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi ban haɗa sunan da wurin da muka kwana ba. Ikon Allah.

Baban_Ilham:
Allah Ya kyauta. Masauki dai an riga an biya, Lauterbrunnen ɗin za mu. Saura tambaya ɗaya: mota ko jirgi? Maiɗakina ta ce ba za ta zauna awa uku da kare yana huci a bayan wuyanta ba.

Yar_Jos_Basel:
In jirgi ne, a Jamus kare da ba ya cikin akwati sai da tikiti da takunkumi. A Suwizalan ƙaramin da tsayinsa bai wuce santimita 30 ba kyauta ne in yana cikin jaka, naku ya wuce nan, sai rabin kuɗin tikiti ko katin yini na kare, faran 25 a kuɗin Suwizalan. Jiragen hawa dutse da motocin igiya kowanne da tsarinsa, ka tambaya a wurin sayar da tikiti. A tashar Interlaken Ost ka duba tarago da kyau, jirgin rabewa yake biyu a hanya, rabi ya yi Grindelwald rabi Lauterbrunnen. In mota ce, sai ka sayi izinin babbar hanya, faran 40, akwai babban gidan ajiye motoci a jikin tasha.

Zangon_Kumasi:
Ku tafi da abincinku fa, can ko ruwan shayi sai ka yi istigfari in ka ga kuɗinsa. A cika jaka da kilishi.

Likitar_Dabbobi_Lyon:
Kilishin da aka kawo daga gida haramun ne a wurin kwastan, nama daga wajen Turai ba ya shiga. Wanda aka saya a Jamus kilo ɗaya ne ga kowane mutum ba tare da haraji ba. A Interlaken akwai gidajen abincin halal da dama saboda Larabawa masu zuwa hutu, minti ashirin ne a jirgi.

Malam_Na_Hamburg:
Tunda dai tafiyar ta tabbata, ka ware masa tasarsa da bargonsa, ka ɗauki tufafin salla daban a leda. Kuma ka lura da hadari, a tsaunuka da bazara bayan azahar yake haɗuwa, ku sauko da wuri. Lambar masu ceto ta jirgin sama 1414 ce. Allah Ya kai ku lafiya.

Baban_Ilham:
Amin Malam, na gode ƙwarai.

Baban_Ilham:
Jama'a mun dawo, alhamdu lillahi. Da mota muka je, karen a can baya da shinge tsakaninsa da maiɗakina. Ba wanda ya tambaye mu fasfonsa. Ƙasan kwari mun yi ta sau biyu. Grütschalp zuwa Mürren mun fara lafiya, kafin Winteregg muka tarar da shanu kwance a kan hanyar kanta, na ƙirga bakwai, na hango ƙarami ɗaya a gefe. Na tuna maganar Bafulatani, na ce a juya. Wasu Turawa biyu da nasu karen suka ratsa ta tsakiya, ko kai shanun ba su ɗaga ba. Ɗana ya ce Baba ka ji tsoro. Muka koma Grütschalp muka hau jirgi. Männlichen ba mu je ba, hadari ya rufe saman kwana biyu. Kaska ɗaya na cire masa a bayan kunne. Tsohuwar tana samun sauƙi, jibi zan kai mata shi, Ilham tun yanzu ta fara kuka.

Kawu_Mafarauci:
Shanu bakwai a kwance suka kore ka? Kai!

Bafulatanin_Tirol:
Ƙaramin da ka hango, a gefen da kuke yake ko a tsallaken hanya? Uwar tana kallonku ko tana tuƙa?

Baban_Ilham:
Wallahi ban tsaya na tantance wace ce uwar ba.

Dan_Damagaram:
Na ce maka ka hau motar farko zuwa Männlichen, da safe sama a buɗe take. @Maman_Sadik_Bern, sabuwar motar igiyar da aka buɗe daga Stechelberg kai tsaye zuwa Mürren a ƙarshen 2024, kin hau ta? An ce tsaye take kamar bango, ina son in kai surukata a Oktoba amma tana da hawan jini.